Harafin Da Bai Iso Ba

Ran Lahadi yakan zo, ranar kasuwar Tawa,
ƙarar mobilet ɗinsa ta riga shi shiga lungu.
Abarshi mai littattafai:
farar taguwa da wuyanta ya sha guga har ya gaji,
balis ɗaure da roba a bayan sirdi,
takalmin hagu ya fara dariya.

Kafin a gama amsa sallama ya zauna,
kafin a kawo ruwa ya buɗe.
"Mushe Tankari, duniya ce kaf a kundi goma sha biyu.
Jika biyu duk wata, ba za ka ji a jikinka ba,
sai dai ka ga ɗanka ya zama likita."
Inna a bayan labule
tana auna jika biyu da tiyar hatsi.
Baba, akawun gidan waya,
mai buga hatimi a wasiƙun da ke tafiya Abijan
shi kuwa bai taɓa wuce Dosso ba,
ya sa hannu wuri uku.

Aka sauke tasoshin Inna daga kanta.
Jajayen bango, rubutu ruwan zinariya,
ƙamshi irin na sabon takalmin Salla.
Doka ta fari: a wanke hannu.
Ta biyu: ba a lasar yatsa.

A nan na ga kifin da ya fi masallacinmu tsawo.
Na ga mutum an feɗe shi shafi-shafi,
ka ɗaga fata, ga haƙarƙari,
ka ɗaga haƙarƙari, ga zuciya.
Hasiya ta fashe da kuka, wai a rufe shi, yana jin sanyi.
Kaka ta ga ƙanƙara ta binne wani gari fari fat,
ta ce, "Wace ce wannan ta ɓarar da garin tuwo haka?"

Ɗaya bayan ɗaya suka zo, kamar raƙuman azalai.
Na goma ya tsaya a S.

Shekarar da albashi ya yi wata huɗu yana hanya,
Abarshi ya zo sau ɗaya.
Wannan karon ya sha ruwan,
ya daɗe yana kallon gindin kwano.
Bai kwance roba ba. Baba bai tambaya ba.
Suka yi zancen damina har la'asar.
Daga nan wasu suka ce Arlit,
wasu suka ce ya koma sayar da maganin ɓera.

Ni T nake jira.
Na san Sahara, na san Senegal, na san sukari daga rake,
amma ina so in ga ko duniya ta san da mu,
ko akwai hoton tabkinmu, ko na rijiyar bayan lakwal.
Baba ya bar gurbin biyu a ƙarshen kanta,
bai yarda a matsa sauran ba.
Bayan rasuwarsa Inna ta ajiye gwangwanin allura a wurin.

Bara a Yamai, bakin Babbar Kasuwa,
a kan leda, tsakanin tsofaffin kaye da kalanda,
na hango jan bango, gara ta ci kusurwa.
Na sha ɗaya.
Ban yi ciniki ba, har yaron ya ji kunya.
A tsaye na buɗe, mota na yi mini oda.

Layi uku.
Gari ne, ga yawan mutanensa, ana sayar da dabbobi.
Babu tabki. Babu gidan waya.
Babu mai mobilet.

Na kai shi gida da hutun Salla.
Inna ta jujjuya shi, ta goge da gefen zane,
ta ɗauke gwangwaninta ba ta ce komai ba.
Na miƙa hannu in nuna mata layukan.
Ta janye.
Ta ce, "Ka wanke hannu?"